Birki Uku na Baba Kyari

Duk wanda ya taɓa cin abinci da hanyar Kwatano a Fagge ya san Baba Kyari na Kwaciri. Kakanninsa daga Barno suka zo, amma shi bakinsa na Kano ne tsantsa. Shekara ashirin da takwas yana ɗauko motoci daga Kwatano zuwa filin Onyekachi, dillalin motoci a Sabon Gari, kuma jandarma bai taɓa busa masa usur ba. Wannan shi ne abin alfaharinsa, har matarsa Kubura takan ce ya fi ririta lasisinsa a kan 'ya'yansa.

Ba laya gare shi ba. Ya dai san kowace bishiya da jandarmomin Benin ke laɓewa da na'urar awon gudu. Shi ne jagoran ayarin, kuma ƙa'idarsa ɗaya ce: na gaba idan ya hango su zai taɓa birki sau uku, in kuma ya yi nisa sai ya buga waya. Yakan ce wanda ya ɓoye wa na bayansa hanya bai cancanci a ci tuwo da shi ba.

Duk wannan ya koya wa Faruk, ɗan amininsa marigayi. A gidansa Faruk ya girma, shi ya riƙe masa sitiyari ranar farko, shi ya kai masa kuɗin aure.

Sai zamani ya juya. Onyekachi ya fara ƙorafin cewa masu saye ba sa son jira, ayarin tsoho kuwa tafiyar hawainiya yake. Wata tafiya ya ce lallai motocin su iso kafin Juma'a. Faruk ya ce zai wuce gaba da farar motar da yake ja ya duba hanya, Baba ya huta a baya.

Kafin garin Kandi akwai wata doguwar miƙaƙƙiyar hanya da Kyari bai taɓa yarda da ita ba. Ya kira Faruk.

"Yaya gaba?"

"Fes take, Baba. Ko akuya babu. Taka ta kawai."

Ya taka. Karo na farko a rayuwarsa ya saki mota a wannan wuri, don ɗan riƙonsa ne ya faɗa. Ko minti goma ba a yi ba sai ga usur.

Aka karɓe lasisi, aka tsare motar kwana huɗu. Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da ya karya shi maganar wani jandarma ce mai jin Hausa, wanda ya faɗa masa yana dariya:

"Alhaji, ai jiran ka muke. Na cikin farar motar nan ya tsaya mun gaisa, ya ce akwai tsoho a baya mai tashi sama."

Kyari ya zauna a bakin kwalta. Da baƙo ne ya yi masa, da ya ce halin hanya ne. Amma hannun da ya wanke ne ya mare shi, kuma abin ya ci shi ƙwarai.

Da ya iso Sabon Gari, Faruk ya riga ya zama jagora. Onyekachi ya kasa haɗa ido da Kyari, ya ce:

"Baba Kyari, ka yi haƙuri. Shekaru ne, kowa zai zo wurin."

Kyari bai tona asirin Faruk ba. Ya ajiye makulli a kan tebur, ya ce Allah ya sa albarka. Da Sallah Faruk ya zo gaisuwa, ya durƙusa. Kubura ta kawo abinci, Kyari ya amsa gaisuwar daki-daki, amma bai sa hannu a kwanon ba.

Yanzu wata tsohuwar a-kori-kura yake ja a Kasuwar Singa, yana kai katan ɗin taliya unguwanni. A cunkoson nan ko mai keke yakan wuce shi. Amma har yau, da ya hango mai kaki a gaba, ƙafarsa takan taɓa birki sau uku kafin ya tuna. Na bayansa sai su yi ta danna masa oda, suna cewa tsoho bai iya tuƙi ba.