Ƙarnin Tagulla a Farantin Juma'a

Da umara na zo Jidda, ban koma ba. A shekarata ta biyu aka samo mini aiki a wani gidan biki na mata a unguwar Bani Malik. Da yake ba ni da iƙama, wato takardar izinin zama, aikina na safe ne, lokacin da babu kowa. A tsakiyar zauren akwai dandamalin da amarya take zama, an kewaye shi da dogayen sandunan tagulla daga ƙasa har rufi. Mata suna kama su in suna rawa. Ni ban taɓa ganin rawar ba. Abin da nake tararwa shi ne shatin yatsu da maiƙon turare a jikin sandunan. Sai in yi ta goga da tsumma da wani farin mai na gwangwani, har in ga fuskata a lanƙwashe a ciki.

Tun a satin farko na fara jin ƙarnin. Kamar ka daɗe da damƙe tsoffin kwabbai a hannu mai gumi. Na wanke da sabulu, na goga lemun tsami, na gwada toka, na gwada kanwa. Ya tafi na ɗan lokaci, da na yi gumi sai ya dawo, kuma a Jidda yaushe mutum ba ya gumi? Layukan tafina suka yi kore-kore. Na shiga damuwa ko alwalata tana yiwuwa, sai in sake ta sau uku, sau huɗu. Na tambayi wani malami a unguwarmu, ya ce tagulla ba najasa ba ce. Na gode masa, na dawo ɗaki ina tunanin ko ban yi masa bayani daidai ba.

A unguwar Mahjar nake zaune, ɗaki ɗaya, ni kaɗai. Abin da nake jira duk sati shi ne Juma'a. Akwai wata tsohuwa 'yar Damagaram, Inna muke ce mata, da take tara mu mu biyar a gidanta bayan an sauko daga masallaci. Tuwon shinkafa da miyar kuka, faranti ɗaya, kowa da gefensa. Ranar ce kaɗai nake jin Hausa fiye da gaisuwa. Ni ce ƙarama, saboda haka ni ce mai mulmula tuwo.

Wata Juma'a muna ci, sai wata Bakanuwa mai sayar da gyaɗa a bakin tashar jiragen ruwa, wadda nake kira Yaya, ta tsaya da loma a hannu.

"Inna, tukunyar nan taki ta fara tsatsa ne? Tuwon nan ƙarnin ƙarfe yake."

Inna ta shinshina ta ce, "Wallahi kuwa. Ta tsufa kamar mai ita."

Aka yi dariya. Ni na san ba tukunya ba ce. Na cusa hannuna ƙarƙashin mayafi na ce na ƙoshi.

Sati ya zagayo na ce yatsana na ciwo, wata ta mulmula. Na tarar Inna ta jefar da tukunyar. Da aka ajiye faranti sai na zaro cokali daga jakata. Na yi kwana shida ina tunani kafin in sayo shi, a ganina na sami mafita.

Yaya ta tafa hannu. "Mashallah! Kun ga Balarabiya? 'Yar nan, gidan bikin ne ya koya miki? Gobe sai mu kawo miki kujera da tebur."

Na yi murmushi na ce ba komai. Ban san cokali yana da ƙara haka ba sai ranar. Duk lomar da na ɗiba sai ya bugi farantin, hira ta tsaya.

Ban gane abin da suka fahimta ba sai Juma'a ta uku, da na ga an zuba mini nawa daban a ƙaramin kwano. Yaya ta ce, ba ta ko dube ni ba, "Ga naki, kada hannuwanmu su taɓa miki." Ashe sun ɗauka ƙyamarsu nake yi. Na ci a gefe, bayana jingine da bango. Daga ranar ban koma ba.

Wata biyu na yi haka. Da safe ni da sanduna, zauren shiru sai ƙarar na'urar sanyi. Juma'a in dafa shayi in ci da burodi, in ji ana ta wucewa a lungu. In na haɗu da wata a hanya sai in riƙe jaka da hannu biyu don kada mu yi musabaha. Na sha tsara yadda zan faɗa musu, amma in na tuna tukunyar Inna sai kunya ta rufe ni. Na bar tsohuwa ta yar da kayanta a kan laifina.

Wata rana bayan la'asar aka buga ƙofa. Inna ce, tana haki saboda matakala.

"Ba zan zauna ba. Me muka yi miki?"

Na miƙa mata hannuna kawai. Ta kama, ta juya tafin, ta kai hancinta. Rabon da wani ya riƙe hannuna har na manta.

"Wannan ne?"

"Shi ne, Inna. Ba tukunyarki ba ce."

Ta ce, "Kika bar ni na jefar da tukunyar da na zo da ita tun daga gida? Allah ya shirye ki." Ba ta saki hannun ba. "Nawa hannun shekara nawa yana warin maganin wanke bayi na gidajen mutane? Wa ya ƙi cin tuwona? Juma'a ki zo. Mulmula dai kin bar ta, halas, ta ƙare. Amma cokalin nan kada in gan shi."

Na je. Inna ta riga ta faɗa musu. Yaya ta ce, "Da kin faɗa," ba ta ƙara ba, kuma har muka rabu ba ta sake tsokanata kamar da ba. Wannan ya dame ni fiye da baƙar magana.

Aka ajiye faranti. Na wanke hannu sau biyu, na fara ci daga bakin gefena, ina barin ɗan tudun tuwo tsakanina da su, kada inda na taɓa ya haɗu da nasu. Inna tana ba da labarin wata maƙwabciyarta, ba ta ko kalle ni ba. Sai ta miƙo hannu ta gutsiri tudun nan, ta tsoma a miya ta kai baki.