Tabarau a Bakin Raga

Lokacin da ake kiran garinmu Abuja, kafin ya koma Suleja, ni ne golan 'yan ƙwallon unguwar Bagama. Ragar gabas ce azabata, domin da la'asar rana takan cika mini ido, sai dai in ji ƙwallo ta wuce.

Na je kasuwa wurin wani ɗan kudu mai sayar da tabarau. Ya miƙo mini na roba, mummuna, ya ce shi ne na wasa. Na ture shi, na ɗauki na gilashi mai ƙyalli, don 'yan mata na zuwa kallo. Ya ce, "Aboki, wannan na yawo ne." Na ce ina ruwansa.

Ranar da na fara sa shi, ƙwallo ta same ni a fuska. Na ji ƙas, sai jini ya rufe mini idon hagu. Yayana ya riƙe hannuwana gam yana cewa, "Kada ka murza!"

Malamin asibiti ya riƙa zaro gilashin da hantsaki, ina jin kowane guntu yana faɗawa cikin tasa. Da ya ce in buɗe idon, na ƙi, sai da ya daka mini tsawa.

Idon ya tsira, fatar ce ta tsage. Amma har yau, in jikana ya sa tabarau zai fita ƙwallo, sai na karɓa na ƙwanƙwasa shi a haƙorina, in ji ko gilashi ne.