Shaidar Ƙwaryata a Majigi

A Dudunni kowace mace tana da shaidar da take ƙonawa a gindin ƙwaryarta da wuƙa mai zafi. In an yi biki ƙore suka cakuɗe, sai a kifa su, kowa ta ɗauki tata. Abin da duk ke ɗauke da shaidarki naki ne, ko a gidan wa aka gan shi sai an maido maki. Tawa sawun zabo ce cikin zobe, kuma da yake ni bahaguwa ce, sawun yakan karkata hagu. Duk ƙauyen an san ta.

Ƙanena ya taso yana tsugune gabana in ina zanen ƙwarya, yana kwaikwayona da tsinke a ƙasa. Da aka zo neman yara, shi aka kai elementare a Kankia, ni aka bar ni da turmi. Daga can ya wuce Katsina, daga Katsina sai Kaduna, wurin Turawa masu yin majigi. Aikinsa shi ne rubutun nan da ke fara fitowa kafin hoto ya motsa. Yakan zana baƙaƙe da farin fenti a baƙin kwali, ya yi masu ado a gefe, a ɗauka da na'ura. A kan wannan ake ce masa malam, har da keke.

Ina zawarci a gidan gwaggona a Kankia motar majigi ta zo. Bayan magariba aka kafa farin ƙyalle, mu mata muna baya, har da 'yan ƙauyenmu da suka ci kasuwa. Haske na faɗawa sai ga sawun zabona, jere a kewaye da rubutu, kowane ya fi faifai girma, kowane ya karkata hagu. Ko gyara karkatar bai yi ba, ɓarawon.

Wata tsohuwar Dudunni ta miƙe tsaye. "Kai, jama'a! Ai wannan ƙwaryar yarinyar nan ce! Wa ya kai ta can?"

Mata suka kwashe da dariya. Maza kuwa suna cewa, "Ɗan garinmu ne ya yi, Allah shi yi mashi albarka." Ni dai ban kalli sauran majigin ba. Rubutun da ke tsakiyar shaidata nake tunani, don na tabbata sunansa ne ya dasa a ciki, ni kuwa ko baƙi ɗaya ban sani ba.

Da ya zo ganin gida da salla, ban bari ya gama gaisuwa ba.

"Malam mai keke, ina kayana?"

"Wane kaya, Yaya?"

"Wanda ka nuna wa duniya da shaidata."

Ya yi dariya. "Haba Yaya, ai har Maiduguri an ga sawun zabonki."

"Zabon ya je Maiduguri, mai shi tana nan tana surfe. Ka faɗa masu ta wa ce?"

Ya ce ba a tambaye shi ba. Ya ce ko shi ba a sa sunansa, rubutun maganar ajiyar gero ne kawai. Na ce ƙarya yake. Innarmu tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba ta ce, "Da shaidarta a kai? To ka maido mata."

Zuwansa na gaba ya kawo kwalin, naɗe cikin jarida. Ashe ɗan abu ne, bai wuce tafin hannu biyu ba. Saboda shi na shiga ajin yaƙi da jahilci ina da jika, don in kama shi da ƙarya. Ranar da na iya haɗa baƙi na zaro shi daga ƙarƙashin gado. Maganar rumbu ce da ƙwari. Babu sunansa.

Kada a ɗauka na huce. Shi ya hau jirgin ƙasa, shi ya riƙe buroshi har idonsa ya mutu, kuma hannuna ya fi nasa, ya sani. Kwalin yana nan wurina. Na ƙona masa shaidata a baya, ta gaske, da wuƙa, kuma tun daga ran nan in ƙanena ya shigo ɗakina sai in tattara sababbin ƙorena in tura bayan randa.