Karfasar Babanmu

Har yau ba na cin tumatirin lambun ƙanen babanmu, kuma kowa a gidan ya san dalili.

Da ciwon ƙirji ya hana babanmu noma, abin da ya rage masa shi ne wani kududdufi a bayan gidanmu, nan wajen Gude, inda ya zuba karfasa. Kullum da hantsi nakan riƙe masa hannu mu je bakin ruwan. Daga shimfiɗarsa zuwa can sai ya tsaya hutu ya fi a ƙirga, amma yana zuwa. A nan ya taɓa ɗaga min murfin kumatun kifi, ya nuna min jan naman da ke ciki, siri-siri kamar haƙoran mataji. Ya ce ruwa ke shiga ta baki ya fita ta nan, a hanyar kifin ya tsotse iskar da ke cikin ruwan.

Da rani ya tsananta, sai ga ƙanen nasa da injin ban-ruwa, wai tumatirinsa na bushewa. Bai tambayi kowa ba, ya hau zuƙe ruwan kududdufin. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, kifin fa?"

Ya ce, "Kifi ko a taɓo yana rayuwa. Ba ki ga tarwaɗa a kasuwar Gwarzo ba, wuni take a daro ba ruwa?"

Tarwaɗa kenan, mai iya haɗiyar iska a sarari. Karfasa ba ta da wannan gatan. Na sani, amma 'ya ba ta gyara wa uba magana, sai na haɗiye. Wannan shirun ma haushinsa nake ji.

Washegari da na kawo babanmu, ruwan ya koma kunu. Kifayen duk sun taso sama, bakunansu na buɗewa suna rufewa. Ƙanen nasa, saboda tsabar ilimi, ya ce yunwa suke ji, ya watsa musu dusa. Na ɗauko guda na buɗe kumatunsa. Jan nan ya dushe, laka ta manne shi kam.

Babanmu ya daɗe yana kallonsu, ƙirjinsa na ƙara. Ƙanen ya ce, "Yaya, ai kifi ne kawai, a soya mana."

Babanmu ya ce, "Kai ba ka san abin da suke yi ba. Ni na sani."

Ya miƙo min hannu muka koma ciki. Bai sake cewa in kai shi bayan gida ba. Da tumatirin ya nuna, aka aiko mana da kwando guda, wai a yi wa maras lafiya miya.