Shagon da Aka Fasa a Bangon Gidana

Da na ajiye aikin koyarwa, sai na zuba kuɗin sallamata a ginin gidan haya a Kwamba. Ba wani babban gida ba ne. Ɗakuna ne a jere, kowanne ɗaki da falo, ga rijiya a tsakar gida, ga bayi a can ƙarshe. Amma na gina shi yadda aka koya mini. A makarantar mishan da na yi, ana koya mana aikin hannu tare da karatu, kuma ba a yarda yaro ya ce ya gama aiki alhali aikin a karkace yake. Saboda haka ranar da ake zuba ginshiƙan gidan, ni da kaina na tsaya a rana, na duba kowane rodi kafin a rufe shi da kankare.

Ɗakin gaba, wanda bangonsa ke fuskantar titi, na ba wani direba da ke jigilar ma'aikata zuwa Abuja. Yana da mata da yara ƙanana. Ba ni da abin faɗa game da gaisuwarsu ko sharar ƙofarsu. Na ɗauke su mutanen kirki, kuma har yau ban ce mugaye ne ba.

A wata bazara yayana ya rasu, na tafi ƙauyenmu jana'iza, na daɗe. Ranar da na dawo, tun daga kwanar layinmu, ina cikin keke, na hango mata tsaye a jikin bangona da kwanuka a hannu. Na zaci wani abu ne ya faru. Da na sauka sai na tarar an fasa bangon, an kafa wata faffaɗar taga ta ƙarfe, an yi mata rumfa da tsohon kwano. A ciki ga sabulu, ga gishiri, ga magi da taliya an jera a kan katako, ga matar direban zaune tana ba da canji.

"Baba, sannu da zuwa! Ya hanya? Ya ƙarin haƙuri?" in ji ta, fuskarta cike da fara'a. "Ka ga ɗan abin da muka yi?"

Na ce, "Wa ya fasa mini bango?"

"Haba Baba, ai ba fasawa ba ce. Taga ce."

Na ajiye jakata, na shiga na duba. Tagar da mai walda ya ƙera ta fi gurbin da ke akwai faɗi. Maimakon a rage ta, sai aka sassare ginshiƙin da ke tsakanin falo da ɗakin kwana, aka yanke rodin da ke cikinsa. Wannan ginshiƙi shi ne ke ɗauke da linta, wato kankaren da ke gicciye a saman bango, lintar kuwa ita ke ɗauke da rufi. Daga kusurwar tagar wata siririyar tsaga ta hau sama, ta karkata, ta shiga ɗakin kwana, ta bi daidai saman katifar da yaran ke kwana a kai.

Da yamma direban ya dawo, na kira shi.

"Baba lanlod, ai gyara muka yi maka," ya ce, yana wasa da makullin mota. "Gidanka ya ƙara daraja. Ko mun tashi, shagon naka ne."

"Ina rodin da ke cikin ginshiƙin?"

"Ya tare hanya, shi ya sa aka yanke. 'Yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe sun kwashe. Baba, dubi layin nan mana. Akwai gidan da ba a yi irin wannan shagon ba? Wanne ya faɗi?"

Na gaya masa a fili: a kwashe kaya, a rufe shagon, zan sake zuba ginshiƙin kafin ruwa ya sauka. Akwai ɗaki a baya da ba kowa, na ce su mayar da yaran can tun daga ranar, ba sai sun biya komai ba. Ya ce to. Bai kwashe ko ashana ɗaya ba, yaran kuma suka ci gaba da kwana a inda suke.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi fasa bangon ɓata mini rai. A garin nan, in mutum ya yi maka laifi, ba ya gyarawa. Sai ya tattaro manya su zo ba ka haƙuri. Da zarar sun zauna a tabarmarka sun cire hula, shi ke nan laifin ya bar kansa ya dawo kanka, domin yanzu kai ne mai ƙin jin maganar manya.

Wani dattijon ikilisiyarmu ne ya fara zuwa, tare da mata biyu daga zumuntar matan ikilisiyar. Ya yi addu'a mai tsawo, sa'an nan ya tuna mini cewa an umarce mu da yafiya. Na ce na yafe tun ranar farko, amma yafiyata ba za ta mayar da rodi cikin bango ba. Na roƙe su su tashi mu je su gani da idonsu. Muka je. Ashe kafin su zo an bi tsagar da filasta, an shafe ta da fenti, fentin ma ba irin na bangon ba. Dattijon ya dubi wurin, ya dube ni, ya ce, "Malam, ai sun gyara."

Bayansu sai maƙwabcina, wani Alhaji haifaffen garin, wanda muka shekara da shekaru muna zama a benci ɗaya da la'asar.

"Malam, kai dai ka cika tsanani," ya ce. "Yarinyar nan ta sayo kaya. Ka bar su su ci kasuwar damina, in kaka ta yi sai a gyara. Komai ai na Allah ne."

"Alhaji, komai na Allah ne, har da hankalin da ya ba mu. In rufin nan ya faɗa wa yaran, kai za a tambaya ko ni?"

Ya yi dariya. "Kai fa ko lahira ka je sai ka duba ko ƙofar a miƙe take."

Ni ban yi dariya ba. Duk waɗanda suka zo, babu ko ɗaya da ya tambayi inda yaran ke kwana. Kowa shagon yake gani.

Bayan 'yan kwanaki filastar ta buɗe. Tsagar da a da tsinken ashana ne kaɗai ke shiga, yanzu ɗan yatsana na shiga. Hadari kuma ya fara haɗuwa ta gabas. Ban sake neman yardar kowa ba. Da safe na zo da birkila da kafinta, aka tokare rufin da katakai masu kauri. Ni da kaina, da tsufana, na ja katifar yaran zuwa ɗakin baya. Matar ta fito titi tana kuka, tana cewa tsoho ya rantse sai ya kashe mata kasuwa. Jama'a suka taru. Na ji wata tana cewa, "Masu gidan haya ba su da imani." Na ce wa birkila ya ci gaba da aikinsa.

Da aka kwance tagar ƙarfen, bulon da ke samanta ya zubo gaba ɗaya, wani ɓangaren lintar ya biyo baya, ya farfasa katakon da ake jera kaya. Ƙarfen tagar nan kaɗai ne ke riƙe da su duk tsawon lokacin. Ƙura ta turnuƙe. Na juya na dubi direban, wanda ya fasa fita aiki ranar don ya hana mu. Ina tsammanin zai sunkuyar da kai.

Sai ya ce, "To, ka gani ko, Baba? Da ba ku taɓa ba, da bai faɗi ba."

Mutane da dama suka gyaɗa kai.

Na kusa shekara tamanin a duniya, kuma ban tuna ranar da na yi fushi kamar wannan ba. Na sayo rodi, na tsaya aka ɗaure shi, aka zuba ginshiƙi da linta, aka toshe bangon. Sai da kankaren ya bushe sosai na yarda aka cire katakan, na kuma bari aka mayar da yaran ɗakinsu. Ruwan shekarar ya yi ƙarfi, rufin bai motsa ba.

Da wa'adinsu ya cika suka tashi, ba sallama. Sun koma wani gida a saman layin, inda mai gidan ba ya zama a gari. Na wuce ta wurin kwanan baya, na ga an riga an fasa bango. Na nemi ɗan'uwan mai gidan na gaya masa ya je ya duba ginshiƙin. Ya yi mini godiya, ya ce in yi haƙuri.