Kyamara Mai Ƙara

A shagon kyamarori wani dattijo mai hoto yana jujjuya sabuwar kyamara marar madubi. Kafaɗarsa ta karkace, da gani igiyar jaka ta daɗe tana cin ta. Mai shago sai zuba yake: ba nauyi, ba ƙara, ta ƙwararru ce.

Dattijon ya latsa. Shiru. Ya yatsina fuska, ya ɗauki tsohuwar mai madubi ta 'yan koyo, ya latsa: ƙaras!

"Baba, wannan ai ta tsufa!"

"Ni ma haka, ɗana. Masu zuwa wurina sai sun ji ƙarar suke sakin numfashi. Da waccan munafukar sai su shiɗe suna murmushi."

Ya rataya tsohuwar a karkatacciyar kafaɗarsa.