Ƙarar da Inna ta sani

Bayan rasuwar Baba motarsa ta yi shekaru a ƙarƙashin rumfa a gidanmu na Kibiya, kaji suna ƙwai a kujerar baya. Tsohuwar mota ce mai dogon baya, irin wadda yanzu 'yan birni ke wankewa su ɗauki hoto a jikinta. Ni so na yi a sayar wa masu gwangwan, Inna ta ƙi. Da ƙafafunta suka kumbura fita ta gagare ta, sai ta ce mini tana so ta sake jin motar ta shigo layi kafin ta bi mai ita. Ba ta nemi a kai ta ko'ina ba. Da wannan ƙarar ta saba sanin ya dawo daga kasuwar Rano, ta sa a kwashe tuwo.

Na ɗauko wani tsohon makanike daga Rano, mutum mai rowar magana. A tsakar gida ya sauke injin, don Inna ta hana a ja motar waje. Da ya buɗe cikinsa ya miƙo mini wasu siraran ƙarafa masu kama da rabin awarwaro. Metal suke ce musu. Suna zama a bakin kwanrod, sandar da ke haɗa fistan da babban ƙarfen da ke juyawa a ƙasan injin, kuma ɗan siririn mai ne kaɗai ke raba su da shi. Na Baba sun cinye har jan tagulla ya fito.

"Alhaji wane mai yake zuba mata?" in ji makaniken.

Na san amsar. Baba bai taɓa yarda mai yana mutuwa ba. Wanda aka juye daga injin ban ruwa na gonarsa ta Rurum shi yake tacewa da tsohon ɗankwalin Inna ya ɗura wa motar, yana cewa ai da sauran ƙarfinsa. Makaniken ya saurara, ya ce, "Allah ya jiƙan Alhaji," ya ci gaba da aikinsa.

Aka kai babban ƙarfen Kano aka goge, aka samo sababbin metal. Ranar haɗawa Inna ta sa aka shimfiɗa mata tabarma a inuwar ɗakin girki. Ganin kayan duk maiƙo, ta ce a kawo toka da soso a dirje su.

"Hajiya, ba tukunya ba ce," in ji makaniken. "Toka ta shiga ramin mai, aikin ya tashi a banza."

Kowane metal ya ɗauka sai ya goge bayansa ya bar shi a bushe, ya zaunar da shi, sannan ya tsoma yatsa a sabon mai ya shafe fuskar metal ɗin kaf. Ya ɗaure, ya juya ƙarfen da hannu ya ji, ya koma kan na gaba. Ni kuwa na gaji da zirga-zirga a kan acaɓa tsakanin gida da makarantar da nake koyarwa, na ƙosa a gama aikin. Na ce ai injin yana da famfon mai, shi zai kai musu.

"Kafin ya kai fa, Malam? Juyin farko a bushe shi ke kashe su."

Inna ta ce a miƙo mata ɗaya. Ta shafa masa mai a hankali da babban yatsa, yadda na ga tana shafa wa Baba man kaɗanya a diddige lokacin jinyarsa. Makaniken ya duba bai ƙara komai ba, ya saka shi haka.

Ko ranar tayarwa bai yi gaggawa ba. Ya cire fulogai ya yi ta juya injin da makulli har jar fitilar mai ta mutu, sannan ya mayar da su. Bugu ɗaya ta tashi. Inna tana ɗaka da ciwon ƙafa, don haka na ce ya zagaya ya shigo ta layinmu bayan la'asar, kamar yadda Baba ke yi. Ya shigo, ya tsaya a ƙofar gida, injin yana aiki lafiya lau. Na shiga wurinta.

"Bai taho ba ne?" ta tambaye ni.

"Ga ta nan a ƙofar gida, Inna."

Ta karkata kai ta saurara sosai. "Wannan ba ita ba ce. Ta Alhaji tun daga kwanar masallaci nake jin tana ƙwanƙwasa."

Na fito na gaya wa makaniken a zaure. Ya ce ƙwanƙwasar nan ta cinyayyun metal ɗin ce, ita muka yi makonni muna cirewa. Abin ya yi mini ciwo. Na tambaye shi ko ana iya dawo da ita. Ya ce ana iyawa, a ba ta mataccen mai a jira shekaru.

Inna ta sa aka kai masa abinci, ta yi masa godiya, ba ta sake tambayar motar ba. A daminar nan ta rasu. Yanzu ni nake shiga motar zuwa Rano, ina canza mata mai a kan kari, kuma har yau ba ta ƙwanƙwasa ba.